Janar Uzi da Ragon Suna

Ibrahim, Mariya, Ummi, ku matso nan. Ashraf, kife wayar nan a kan tabarma, don waya ce ta jawo abin da ya tara mu. Ban taso ku daga wuraren sana'arku don ku sha gwate ba. Suna jibi, ƙanwarku Amatullahi tana ɗaki da jaririya, ragon suna kuwa ba ya gidan nan, ba ya gidan mijinta. Ku saurara ku ji inda ya tafi, kuma kada wanda ya katse ni.

Uzairu mijin Amatullahi mai gyaran waya ne a unguwar Kwararafa. Ba laifi, yana gyarawa, in dai ba ka damu wayarka ta dawo da muryar agwagwa ba. Shagonsa ɗan tsut ne, benci ɗaya, tebur ɗaya. Abin da Allah ya hore masa da yawa shi ne baki.

Wata rana aka kawo masa waya gyara, ya tarar da wani wasan harbi a ciki: mutane su diro daga jirgin sama kan wani tsibiri, su yi ta harbin juna har a bar mutum ɗaya. Mai wayar ya ce masa ai akwai masu buga wasan a gaban kyamara, duniya tana kallonsu kai tsaye tana rubuto musu magana, ana ce wa abin laif. Daga ranar gyaran waya ya zama aikin ƙananan mutane. Uzairu ya sayo fitila mai kama da zobe, ya sayo rigar sanyi mai zanen soja a gwanjo, ya raɗa wa kansa suna Janar Uzi.

Kafin ya iya wasan sai da ya iya yarensa. Gwani furo ne. Wanda bai iya komai ba nub ne. In sabis ya ja ƙafa har aka harbe ka, wannan lag ne. In an gama wasa, wanda ya ci da wanda aka ci kowa ya ce jiji, wato wasa ya yi kyau, babu riƙo. Uzairu ya kwashi kalmomin nan ya shiga rabawa unguwa kamar goron ɗaurin aure.

"Mai shayi, wannan haɗin na nub ne. Ƙaro madara."

"Haɗin nub ɗin kake sha tun kana da gashi a tsakar ka," in ji mai shayi.

Liman ya tare shi a ƙofar masallaci, ya tambaye shi me ya sa kullum sai an kai raka'ar ƙarshe yake shigowa. Uzairu ya sosa ƙeya ya ce, "Allah gafarta Malam, lag ne." Liman ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya kuma shawarce shi da ya gwada zuma da habbatus sauda.

Duk mai laif yana da ɗan tsaron ƙofa, ana ce masa mod, shi ke korar masu rashin kunya daga cikin masu rubutu. Korar kuma sunanta ban, wanda aka yi wa ba ya iya sake cewa uffan. Uzairu ya naɗa abokinsa Pam, direban keke mai ƙafa uku, wannan sarauta. Ranar da suka fara, masu kallo uku ne: Pam, tsohuwar wayar Uzairu da ya jingina a jikin kwalba, da wata mata da ta shigo bisa kuskure tana neman masu tallan atamfa.

To, akwai abin da ba zan tauye masa ba. Uzairu ɗan gidan tarbiyya ne. Uwarsa ta koya masa ba a shigo maka wuri ka bar mutum bai ji gaisuwa ba. Saboda haka duk sunan da ya bayyana a fuskar waya, sai Janar ya saki bindiga ya juyo.

"Maraba da Ana daga Bukuru! Ina wuni? Ya gida? Ya sanyi? Ya mutanen Bukuru, an samu ruwa kuwa?"

Kafin Ana ta ce lafiya, an fasa masa kai.

"Lag!" in ji Uzairu.

"Oga, ba lag ba ne, gaisuwa ne," in ji Pam. "Su furo welkom kawai suna cewa, su ci gaba da harbi."

"Pam, ni ba ɗan tasha ba ne. Baƙo ya shigo in ce masa welkom kamar tabarmar bakin ƙofa?"

"To ka gaishe su in ka mutu. Ai ba ka daɗewa."

Duk da haka a bakin Uzairu babu furo a Filato sai shi. A can kasuwar Farin Gada kuwa akwai Loyis 'yar gidan Rwang, mai sayar da dankalin Turawa da kabeji. Tsakanin mai saye da mai saye take buga wasan, wayarta jingine a jikin buhu, jama'a kuma cike da laif ɗinta kamar ranar kasuwa. Wannan abu ya tsaya wa Uzairu a maƙoshi. Ya shiga laif ɗinta, ya fara da gaisuwa yadda ya saba, ya tambayi ciniki da lafiyar Baba Rwang, sannan ya rubuta cewa hannun da ya saba auna dankali ba ya riƙe bindiga, ita nub ce mai sa'a.

Loyis ta karanta a fili, ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Janar, baki ba ya harbi. Zo mu yi ni da kai, wasa uku, kowa na kallo. Na sa buhun dankali. Kai me ka sa? Hau kyamara mu gani."

Uzairu ya hau. Ya waiga dama, benci. Ya waiga hagu, matattun wayoyin mutane. Masu kallo suka fara rubuta dariya. Sai ga kuka daga bayan shago: meee.

Ragon nan kun san shi. Da hannuna na kiwata shi, da dusa da ɓawon dankali da harawa. Da Amatullahi ta haihu na aika wa Uzairu shi a ɓoye, don a ce uban jaririya ne ya saya, asirinsa ya rufu. Shi kuma ya ɗaure shi a bayan shago inda duk mai wucewa zai gani ya ce kai, Uzairu ya yi ƙoƙari.

Uzairu ya juya kyamara kan rago.

"Ga abin da Janar ya sa."

Pam ya riƙe masa hannu. "Oga, wannan ragon suna ne fa. Matarka zai kashe ka."

"Sakar mini hannu. Wa ya ce maka ragon zai motsa daga nan? Dankali ne zai zo ya same shi. Ranar suna da miyar dankali za a ci naman."

Suzana Maman Ulonma, mai tuyar masa a gefen shagon, ta leƙo. "Malam Uzairu, ba kai ne kake mana wa'azi caca haramun ba?"

"Wannan ba caca ba ce, Maman Ulonma. Caca sai in ana shakkar wanda zai ci."

Aka sa rana, jiya bayan La'asar. Uzairu ya aro talabijin daga gidan kallon ƙwallo ya kafa a ƙofar shago don 'yan unguwa su ga tarihi da idonsu. Aka jera bencina. Tela ya rufe shago, mai shayi ya bar tukunya a wuta, masu keke suka yi fakin har suka toshe layi. Aka fito da rago aka ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Loyis tana can kasuwa a gaban buhunanta, amma ta turo wanta Badung da keke, ya zauna a gefe da sabuwar igiya a hannu.

Uzairu ya dube shi. "Igiyar me ce wannan?"

"Ta shanya ce," in ji Badung.

Janar ya sa tabarau, ya ja hular sanyi har gira, ya tsaya gaban kyamara ya ce duk wanda yake da hawan jini ya kashe wayarsa, don abin da zai yi wa yarinyar nan ba na masu raunin zuciya ba ne.

Aka fara wasan farko. Jama'ar Loyis suka kwararo cikin laif ɗinsa don su ga mai ragon. Sunaye suka yi ta fitowa kamar shinge bayan ruwan farko. Uzairu bai taɓa ganin baƙi haka ba, hankalinsa ya tashi.

"Maraba da Zinachukwu! Ya aiki? Adaora, sannu da zuwa, ya yara? Wane ne wannan, ɗan Angware? Ya gona? Ku dakata mana, ɗaya bayan ɗaya, ban gama da Adaora ba!"

Sojansa yana tsaye a fili ko bindiga bai tsinta ba. Loyis ta zo ta buga masa kwanon suya a ka, irin wanda ake tsinta a wasan. Ko harsashi ba ta ɓata ba.

"Lag!"

"Lag ɗin nan a gidanku aka haife shi?" in ji Suzana. "Kullum yana tare da kai."

Rubutu ya cika waya: nub, nub, Janar nub. Uzairu ya daka tsawa, "Pam! Duk wanda ya yi dariya, ban!" Pam ya duƙufa. Yatsansa bai huta ba. Can sai tela ya miƙe daga benci da waya a hannu.

"Pam, ni ka kora? Ga ni zaune gwiwata na taɓa taka!"

"Ka yi dariya."

"To ga wata da baki, hahaha! Kore ta mu gani!"

Kafin wasa na biyu Uzairu ya yi dabara. Ya yago kwali ya manne gefen wayar da sunaye ke fitowa, ya ce abin da ido bai gani ba ba ya neman gaisuwa. Da aka diro tsibiri bai nemi kowa ba. Ya ruga wani kango, ya shige banɗaki, ya rufe ƙofa, ya tsuguna. 'Yan unguwa suka zuba wa talabijin ido suna kallon bangon banɗaki.

"Janar, gudawa ce?" in ji mai shayi.

"Dabarar yaƙi ce. Ba za ka gane ba."

Allah da ikonsa, Loyis ta biyo sawu har ƙofar kangon, sai ga wata mata ta tsaya a rumfarta tana taya kabeji. Kowa yana jin su ta lasifika. Matar ta ce kabejin ya yi laushi, Loyis ta ce ƙanƙara ce ta taɓa ganyen waje kawai, ta ajiye waya ta tashi ɓare mata. Sojarta ta tsaya ƙiƙam kamar turke. Uzairu ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa. Sannan ya fito da ihu ya juye mata duk harsashin da ke bindigar. Ya harbi bango, ya harbi taga, ya harbi wata bishiya da ba ruwanta. A cikin na ƙarshe-ƙarshe wasu suka yi kuskure suka same ta.

Kwararafa ta ɗauka. Uzairu ya haye benci yana buga ƙirji, benci ya tuntsure da shi da tela. Ya tashi ya rungumi rago, rago ya ja baya ya ba shi ɗaya a cinya. Bai ji ba. Da ɗingishi ya dawo gaban kyamara.

"Kun gani? Furo ke nan! Badung, koma ka ɗauko dankali, ka zaɓo manya! Pam, cire kwalin nan, ina so in karanta yabona."

"Oga, bar kwalin."

"Na ce cire!"

Pam ya cire.

Wasa na uku, wanda ya ci shi ya ci duka. Kuma wallahi sa'a ta bi Uzairu. Ya faɗo daidai kan wata babbar bindiga. Ya zagaya bayan wani dutse, sai ga Loyis a gabansa, ta ba shi baya, tana leƙen wani wuri dabam. Ba ta gan shi ba. Mai shayi ya toshe bakinsa da hannu. Uzairu ya ɗaga bindiga, ya saita tsakiyar bayanta. Baƙi suna ta shigowa, ya cije leɓe ya ƙi gaishe su, gumi na zubo masa a cikin sanyin nan. Saura ya danna.

Sai wani suna ya bayyana a gefen waya: Hajiya Iyan Ibrahim.

A ƙarƙashinsa an rubuta: Salamu alaikum. Uzairu.

Ni ce. Ummi ce ta shigo mini da gudu ta ce Iya, ga ragonki a waya da jan ƙyalle. Na ce ta buɗe mini a tawa in gani da kyau. Na shiga wuri, na yi sallama, kamar yadda kowane ɗan halak yake yi.

Uzairu ya ga sunan surukarsa. Hannunsa ya saki waya a kan tebur. Ya fizge tabarau, ya tuɓe hula, ya zare takalma ya ture su gefe, ya zube ƙasa gaban kyamara ya tsuguna, kai a sunkuye.

"Wa alaikumus salam, Iya. Ina wuni, Iya. An wuni lafiya? Ya mai jego? Ya jaririya? Ya ƙafar, da sauƙi?"

"Harba!" in ji layi gaba ɗaya. "Janar, harba!"

"Oga, tashi ka danna, abu ɗaya ne!" in ji Pam.

"Rufe mini baki, Iya ba ta amsa ba."

Kun san ƙa'ida: suruki in ya tsuguna ba ya tashi sai an sallame shi. Ni kuma da yatsa ɗaya nake rubutu, don ba a makaranta na koya ba, a jikin kwalin magani na koya. Na lalubi haruffa na rubuta: Lafiya lau. Uzairu ya ce, "Madalla, madalla," ya ɗan ɗaga gwiwa. Sai saƙona na biyu ya fito: Wancan ragon na wane ne?

Gwiwa ta koma ƙasa. Uzairu ya karkata baki ya raɗa, amma makirufo na manne a wuyan rigarsa, duniya ta ji.

"Pam, yi wani abu!"

Pam kuwa tun La'asar abu ɗaya yake yi. Ya yi shi.

Talabijin ya nuna da manyan haruffa cewa an kori Hajiya Iyan Ibrahim. Suzana ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu! Ya yi wa surukarsa ban!" Tela ya ce, "Alhamdu lillahi, na samu 'yar'uwa." Ni ina nan ina danna waya ta ƙi karɓar rubutu, na zaci ta lalace, har na ce wa Ummi a kai wa Uzairu gyara.

Shi kuwa gogan, kansa na ƙasa, bai ga abin da ya faru ba. Yana tsugune yana jiran sallamar da aka toshe bakin mai ba da ita.

"Ina saurare, Iya. Na'am, Iya."

A cikin wasa Loyis ta juyo ta ga soja a bayanta da babbar bindiga, tsaye kamar gunki. Ta zagaya shi. Ta tsaya gabansa ta taka ɗan rawa. Sannan muryarta ta fito ta lasifika.

"Janar, ka gama gaisuwa? Saboda Mama na jira ka. Mama, ina wuni, ki yi haƙuri."

Harbi ɗaya.

"Jiji," in ji Loyis.

Badung ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya warware igiyar shanya. Uzairu ya ɗago kai ya ga rago yana hawa keke da jan ƙyallensa. Ya bi su a guje ba takalmi, makirufo na jan waya, waya na jan fitila, fitila na bin kwalta tana tartsatsi.

"Ku tsaya! A sake! Lag ne!"

"Oga, ka ce jiji kawai," in ji Pam.

"Kai kuma na tuɓe ka daga mod!"

"Na gode wa Allah. Yatsana ya kumbura."

Kafin Magariba an yanko bidiyon wurin tsugunon ana ta yawo da shi a wayoyi. Yau da safe mai kawo mana ruwa yake gaya mini har sabuwar kalma ta shiga yaren masu wasan: duk wanda ya sandare a tsakiyar yaƙi, sai su ce ya yi Uzairu.

To, ga inda magana ta tsaya. Ɗazu Loyis ta zo gidan nan. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo wa mai jego dankali cike da kwando. Ta ce ita ba za ta ci ragon jaririya ba, yana can gidansu a unguwar Abattoir ta ba shi dusa, kuma mahauta sun fara zagayawa suna taya shi, Baba Rwang yana korarsu. Sharaɗinta ɗaya: Uzairu ya buɗe laif, a gaban mutanen da ya zage ta, ya ce shi nub ne, ya ce mata jiji. Yana faɗa, Badung zai kawo rago har ƙofa.

Na sa Amatullahi ta kira shi ta gaya masa. Ya ce Janar ba ya miƙa wuya. Ya ce a gaya wa Loyis a sake wasa uku, wannan karon zai sa keken ɗinkin Amatullahi. In kuma ta ƙi, wai ya ji wani malami ya ce zakara ma yana isa suna in babba ne.

Ni suruka ce, ba zan tsaya gaban mijin 'yata ina musayar yawu da shi ba. Wuri ɗaya na taɓa yi masa tambaya, can ma aka yi mini ban. Ku ba wanda ya toshe bakinku. Ibrahim, kai ne babba. Mariya, ke ce mai zafin harshe. Ku kwashi Ummi da Ashraf ku tafi Kwararafa yanzu, tun mahautan Abattoir ba su shawo kan Baba Rwang ba. Ko da lallashi, ko da zaunar da shi a benci ɗaya ya riƙe kafaɗa ɗaya ya riƙe kyamara, wannan ku ya shafa, ku yanke. Ni dai jibi da safe ina so in ji an raɗa wa jikata suna a kan rago mai ƙaho, ba a kan abin da ke cara ba.